Wanda aka harba ya yafe, hukuma ta ƙi: shari'ar Mark Stroman da muhawarar afuwa a Amurka

Ranar Laraba 20 ga watan Yulin 2011, wani ɗan asalin ƙasar Bangaladash mai suna Rais Bhuiyan ya tsaya gaban alƙali a Ostin, babban birnin jihar Teksas ta Amurka, yana roƙon a dakatar da kisan wani ɗan kaso. Mutumin da yake roƙo dominsa, Mark Stroman, shi ne wanda ya harbe shi a fuska kusan shekaru goma kafin nan, ya kashe masa ido ɗaya, ya kuma hallaka wasu baƙi biyu. Roƙon bai karɓu ba. Da ƙarfe 8:53 na daren ranar aka tabbatar da mutuwar Stroman a gidan kason Hantsbil, bayan an yi masa allurar guba. Yana da shekara 41.

Ga wanda ya tashi yana jin cewa idan mai haƙƙi ya yafe magana ta ƙare, labarin yana da ɗaure kai. Me ya hana gwamna karɓar roƙon? Wa ke da ikon yin afuwa a can? Kuma me ya sa har wasu da ba su ƙaunar aƙidar Stroman ko kaɗan suka goyi bayan a bar shi da rai, wasu kuma suka ce a'a?

Abin da ya faru a 2001

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Niyok da Washinton, Musulmi da Larabawa da duk wanda ya yi kama da su sun shiga halin ɗar-ɗar a Amurka. Mark Stroman farar fata ne mazaunin Dalas, mai aikin sassaƙa dutse, jikinsa cike da zanen masu aƙidar fifikon fararen fata. Ya taɓa zaman kaso, kuma a lokacin ma yana kan beli ne bisa tuhumar riƙe bindiga. Sai ya ɗauki makami ya shiga bin ƙananan shaguna da gidajen mai, inda ya san baƙi ne suka fi yin aiki.

Ranar 15 ga Satumba ya harbe Waqar Hasan, ɗan Pakistan mai shekara 46, a cikin shagonsa a Dalas. Mamacin ya bar mata da 'ya'ya mata huɗu a jihar New Jersey, waɗanda yake shirin ɗaukowa su dawo wurinsa.

Ranar Juma'a 21 ga Satumba ya shiga butik ɗin wani gidan mai inda Rais Bhuiyan ke tsaron kanta. Bhuiyan, mai shekara 27, tsohon hafsan sojan sama ne a ƙasarsu, ya zo Amurka neman ilimi da abin kai. Da ya ga bindiga ya zaci ɗan fashi ne, sai ya miƙa kuɗi. Stroman bai kula kuɗin ba, ya tambaye shi daga ina ya fito. Kafin ya gama fahimtar tambayar, harbi ya same shi a gefen dama na fuska. Ya faɗi ya yi kamar ya mutu, maharin ya fita.

Ranar 4 ga Oktoba kuma ya kashe Vasudev Patel, ɗan Indiya mai bin addinin Hindu, mai shekara 49, a gidan mansa da ke Meskit, kusa da Dalas. A wannan karon kyamarar shagon ta ɗauki komai, har da inda yake cewa a buɗe masa akwatin kuɗi. Washegari 'yan sanda suka cafke shi.

Stroman ya riƙa alfahari da cewa Larabawa yake kashewa don rama wa ƙasarsa. Cikin mutum ukun babu Balarabe ko ɗaya, ɗaya ma ba Musulmi ba ne. Ya kuma yi iƙirarin cewa 'yar'uwarsa ta mutu a harin Niyok, amma masu gabatar da ƙara ba su sami wata shaida a kai ba.

Me ya sa kisan Patel kaɗai aka yi shari'a a kai?

A dokar Teksas ba kowane kisan kai ke jawo hukuncin kisa ba. Sai an sami wani abu da ya ƙara masa nauyi: a kashe ɗan sanda yana bakin aiki, ko ƙaramin yaro, ko a yi kisa don a biya mutum, ko a yi shi a cikin fashi. Ƙiyayyar launin fata ko ta addini ita kaɗai ba ta cikin jerin. Tun da hoton kyamara ya nuna Stroman yana neman kuɗi, masu gabatar da ƙara suka kama wannan igiyar, suka tuhume shi da kisa a cikin fashi. Ba a yi masa shari'a kan ran Waqar Hasan ko kan idon Bhuiyan ba, ko da yake an kawo su a matsayin shaidar halinsa, kuma Bhuiyan ya zo ya ba da shaida.

A can ba alƙali shi kaɗai ke yanke irin wannan hukunci ba. Mutum 12 ne ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shari'ar. Idan suka same shi da laifi, sai a ba su tambayoyi biyu. Ta farko: akwai yiwuwar mutumin nan zai ci gaba da zama haɗari ga al'umma? Ta biyu: akwai wani abu a tarihinsa ko halin da ya aikata laifin da ya isa a sassauta masa zuwa ɗaurin rai da rai? Lauyoyinsa sun kawo labarin ƙuruciyarsa: gida mai duka da shaye-shaye, barin makaranta da wuri, shiga hannun hukuma tun yana ɗan shekara 12. Bai wadatar ba. A watan Afrilun 2002 aka yanke masa hukuncin kisa.

Wani abin lura shi ne, a wancan lokaci Teksas ba ta da hukuncin ɗaurin da ba fita har mutuwa. Wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai yana iya neman a sake shi bayan shekara 40. Sai a 2005 aka shigo da ɗaurin da ba sakin talala a cikinsa.

Yadda Bhuiyan ya kai ga yafiya

Bhuiyan bai fita daga wannan masifa da sauƙi ba. Ba shi da inshorar lafiya, saboda haka washegarin harbin aka sallame shi daga asibiti. Bashin magani ya taru a kansa har kusan dala 60,000, wato sama da miliyan 30 na CFA a canjin yau. Idonsa na dama ya daina gani, kuma ƙwayoyin harsashi sama da 30 suka zauna a fuskarsa. Aiki ya tafi, wurin kwana ya tafi, maganar aurensa a gida ta watse, mahaifinsa kuma ya sami shanyewar jiki da jin labarin. Ya yi aikin kai abinci a gidan cin abinci, ya koyi aikin kwamfuta da dare, har ya miƙe.

A 2009 ya tafi aikin Hajji tare da mahaifiyarsa. Ya sha faɗa cewa lokacin da yake kwance cikin jini ya yi wa Allah alkawarin cewa idan ya rayu zai yi wa mutane hidima, kuma a Makka ne ya tuna bai cika alkawarin ba. Da ya dawo ya fara tuntuɓar malamai da masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. A 2011, da aka sa ranar kisan, ya fito fili da neman a mayar da hukuncin zuwa ɗaurin da ba fita. Ya tara sa hannun jama'a, ya yi yawo a cikin Amurka da Turai, iyalan Waqar Hasan suka mara masa baya. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyarsa mai suna World Without Hate ta samo asali.

A ɗaya ɓangaren, Stroman yana tsare a gidan kason Polunsky, inda masu jiran kisa ke wuni kusan dukan yini kowa shi kaɗai a ɗakinsa. A rubuce-rubucensa da hirarrakinsa na ƙarshe ya amsa cewa jahilci da ƙiyayya ne suka ja shi, ya ce abin da Bhuiyan ya yi ya girgiza shi.

Wa ke da ikon afuwa a Teksas?

Mu da muka gaji tsarin shari'ar Faransa mun saba da cewa afuwa ikon shugaban ƙasa ce, da sa hannunsa ake sauya hukunci. A Amurka abin ya kasu biyu. Shugaban ƙasa yana da iko ne kawai a kan laifukan da kotunan tarayya suka hukunta. Shi ya sa Joe Biden ya iya sassauta wa mutum 37 daga cikin 40 da ke jiran kisa a hannun tarayya ranar 23 ga Disamba 2024, alhali Barack Obama, wanda ke mulki a 2011, ba shi da ta cewa a kan Stroman. Laifinsa na jiha ne, kuma kowace jiha da tata ƙa'ida.

A wasu jihohin gwamna ne wuƙa da nama. A Illinois, gwamna George Ryan ya sassauta wa mutum 167 a lokaci guda a watan Janairun 2003. A Teksas ba haka ba ne. Akwai hukumar afuwa mai wakilai bakwai, kuma gwamna ba ya iya sauya hukuncin kisa sai mafi yawansu sun ba da shawarar haka a rubuce. Idan sun ba da, yana iya ƙi. Idan ba su ba da ba, iyakar abin da zai iya shi ne ya ɗage kisan sau ɗaya na kwana 30.

Wannan tsari ya samo asali ne daga zamanin gwamna Miriam Ferguson, wadda ta yi mulki daga 1925 zuwa 1927 da kuma 1933 zuwa 1935. Ta yi wa dubban 'yan kaso afuwa, aka yi ta zargin cewa da kuɗi ake saye. A 1936 aka gyara kundin tsarin mulkin jihar aka rage ikon gwamna. Sai dai masu suka na cewa rage ikon na fatar baki ne, tun da gwamna ne ke naɗa wakilan hukumar. Kuma wakilan ba sa zama a bainar jama'a su saurari mai roƙo. Kowa yana duba takardu a ofishinsa ya aika da ƙuri'arsa, ba tare da bayyana dalili ba. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗa a wata shari'ar Teksas a 1993 cewa afuwa ita ce mafaka ta ƙarshe idan kotuna suka yi kuskure, amma ba ta tilasta wa jihohi wata cikakkiyar hanyar yin ta ba.

Alƙaluma suna nuna yadda ƙofar take da ƙunci. Daga 1982, lokacin da Teksas ta fara kisa da allura, zuwa ƙarshen 2024, ta kashe mutum 591. Waɗanda gwamna ya sassauta wa bisa shawarar afuwa, ba don kotu ta tilasta ba, uku ne kacal: Henry Lee Lucas a 1998, Kenneth Foster a 2007, da Thomas Whitaker a 2018. Rick Perry, gwamnan da takardar Stroman ta zo a zamaninsa, an kashe mutum 279 a shekaru 14 na mulkinsa, kuma sau biyu hukumar ta ba shi shawarar sassauci ya ƙi, a 2004 da 2009. A kan Stroman ma bai kai ga zaɓi ba, domin hukumar ta yi watsi da roƙon. Ɗagewar kwana 30 ɗin da ke hannunsa kuma bai bayar ba. Ƙasa da wata guda bayan haka ya shiga takarar shugabancin ƙasa.

Da Bhuiyan ya ga haka sai ya maka gwamnan da wasu jami'ai a kotu. Hujjarsa ita ce dokar Teksas ta ba wanda aka zalunta damar neman a haɗa shi da mai laifin su yi magana gaba da gaba, kuma shi ba a taɓa sanar da shi wannan haƙƙi ba. Ya nemi a jinkirta kisan har a yi zaman. Kotuna suka ƙi. Abin da ya samu shi ne 'yar gajeriyar magana ta wayar tarho a ranar kisan, inda ya shaida wa Stroman cewa ya yafe masa kuma ba ya ƙinsa, shi kuma ya yi masa godiya. A kalamansa na ƙarshe Stroman ya yi kira da a daina ƙiyayya, ya ce ciwonta ba ya warkewa.

Hujjar masu neman afuwa

Babu wanda ya ce Stroman bai aikata ba, kuma babu wanda ya nemi a sake shi. Wannan ne ya bambanta shari'arsa da irin ta Troy Davis, wanda aka kashe a jihar Jojiya watanni biyu bayansa alhali shaidu da dama sun janye maganarsu. A nan tambayar ita ce ko jin ƙai yana da gurbi bayan laifi ya tabbata.

Masu goyon baya sun ce an yanke hukuncin ne bisa hasashen cewa mutumin zai ci gaba da zama haɗari, kuma shekaru tara sun ba da damar a duba ko hasashen ya tabbata. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta duba wannan, aikinta shi ne ta ga ko an bi doka a ranar shari'a. Hukumar afuwa kaɗai ke iya kallon mutumin yadda yake a yau. Sun ƙara da cewa tsohon mai aƙidar wariya da ya tuba yana iya yi wa irinsa magana su ji, abin da Bhuiyan ba zai iya ba. Kashe shi kuma ba zai dawo da Hasan ko Patel ba, sai dai ya ƙara yawan marayu, domin shi ma yana da 'ya'ya.

Hujjarsu mafi kaifi ita ce ta son zuciyar hukuma. Tun 1991 Kotun Ƙoli ta yarda a kawo dangin mamaci gaban kotu su faɗi irin raɗaɗin da suka shiga, kuma masu gabatar da ƙara suna amfani da wannan don neman kisa. To idan muryar wanda aka zalunta tana da nauyi lokacin da take neman hukunci, don me za ta zama ba komai ba lokacin da take neman sassauci?

Hujjar masu adawa

Su kuma suka ce a tsarin Amurka ƙara ba tsakanin mutum biyu take ba, tsakanin jiha ce da mai laifi. Idan yafiyar wanda aka zalunta ce za ta raba mai rai da matacce, to masu laifi biyu da suka aikata abu ɗaya za su sami sakamako daban, ɗaya don ya ci karo da mai taushin zuciya, ɗaya don bai ci ba. Kuma hakan zai ɗora wa dangin mamata nauyin da bai kamata ba, a riƙa bin su da roƙo, ko matsi, ko kuɗi.

Na biyu, hukuncin na ran Patel ne. Bhuiyan yana da ikon yafe idonsa, ba shi da ikon yafe jinin wani. Na uku, tuban wanda ke jiran ranar mutuwarsa abu ne mai wuyar tantancewa. Na huɗu, harin Stroman ba mutum uku kaɗai ya nufa ba, ya nufi duk wani baƙo ne ya ji tsoro. A jihar da ta kashe baƙar fata da yawa kan kisan mutum ɗaya a cikin fashi, wane saƙo za a aika idan aka tsallake farar fatar da ya bi baƙi yana harbi?

Shekaru bakwai bayan haka Teksas ta nuna cewa muryar wanda aka zalunta tana iya tasiri. Thomas Whitaker ya shirya kisan iyalinsa a 2003, mahaifiyarsa da ƙanensa suka mutu, mahaifinsa ya tsira da rauni. Uban ya roƙa kada a kashe ɗan da ya rage masa. Wakilan hukumar bakwai duka suka amince, gwamna Greg Abbott ya sa hannu ranar 22 ga Fabrairu 2018, saura ƙasa da awa guda a yi allurar. Bambancin shi ne uban shi ne mijin mamaciyar kuma mahaifin mamacin, sa'annan wanda ya yi harbin da hannunsa ɗaurin rai da rai aka yi masa.

A ma'aunin fiƙihu

Mai karatu zai iya cewa da a shari'ar Musulunci ne da an gama. Maganar ba ta miƙe haka ba. Gaskiya ne a babin ƙisasi magadan jini ne ke da zaɓi: su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe, kuma aya ta 178 a Suratul Baƙara ita ce tushen wannan. A Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Damagaram da Maraɗi da Tawa, idan ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Amma ko an yafe, hukuma ba ta sakin mai kisan haka nan: bulala ɗari ce da ɗaurin shekara guda.

Sa'annan mazhabar Malikiyya ta ware kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don a ƙwace abin hannunsa, da kuma kisan da aka yi a cikin fashi da makami. A waɗannan yafiyar dangi ba ta ɗauke hukunci, domin ana ɗaukar laifin a matsayin ɓarna a bayan ƙasa da ta shafi kowa. Ke nan tambayar da aka yi ta ja a kanta a Teksas, ko jini haƙƙin dangi ne ko na al'umma, malamanmu sun daɗe da tattauna ta, kuma sun ba kowane ɓangare gurbinsa.

A Nijar hukuncin kisa yana nan a cikin doka, kotuna kuma suna yanke shi, amma rabon da a zartar da shi tun 1976, zamanin Seyni Kountché, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris na shekarar. Faransa ta soke shi baki ɗaya da dokar 9 ga Oktoba 1981. Teksas tana ci gaba da zartarwa.

Bayan mutuwar Stroman, Bhuiyan ya nemi 'ya'yansa ya riƙa taimaka musu. Ɗan jarida Anand Giridharadas ya rubuta littafi a kan mutanen biyu mai suna The True American, wanda ya fito a 2014. Iyalan Waqar Hasan, waɗanda mutuwarsa ta jefa takardun zamansu cikin haɗari, sun sami izinin zama na dindindin a 2004 ta hanyar wata doka ta musamman da majalisar dokokin Amurka ta yi dominsu. Bhuiyan kuma har yau yana yawon makarantu da majalisu yana ba da labarinsa, da ido ɗaya da ƙwayoyin harsashin a fuskarsa.